Wuyan da Ban Duba Ba

Duk ranar Juma'a idan an idar da salla, sai wani cikinku ya tare ni a bakin titin Grand Concourse ya ce, Baba Isufu, a samo mini gurbi a wajenku mana, ai ɗaukar kaya ne kawai. Wani har ya naɗe hannun riga ya nuna mini dantsen da ya tara a gidan ɗaga ƙarfe. Ban ƙi ku ba. Amma na ji kuna yawo da labarin cewa ni ne mutumin da ya cafe kan gunki kafin ya kai ƙasa, kuna ba da shi kamar na mai tsaron gida a filin ƙwallo. To, rabi kuka ji, kuma rabin da ba ya ba ni kunya ne. Gara ku ji sauran daga bakina kafin ku nemi aikin.

Ni dako na fara a kasuwar Maraɗi, buhunan albasa da gyaɗa nake lodawa a manyan motoci. Da na zo New York na yi tallar agogo da huluna har ƙafafuna suka kumbura, sannan wani tela a titi na 116 ya ce wani kamfani na neman masu ƙarfi. Kamfanin ɗaukar kayan tarihi ne: zane-zane, tsoffin tukwane, mutum-mutumi na dutse da na tagulla, daga gidan mai kuɗi zuwa gidan tarihi, ko daga jirgi zuwa sito. Sitonmu yana can bakin ruwa a Brooklyn. Jirgin ƙasa mai lamba D nake shiga daga unguwarmu ta Mount Hope, in yi ta gyangyaɗi har ya tsallaka gada.

Ranar farko aka haɗa ni da wani tsoho ɗan asalin Italiya mai suna Sal, shi ne shugaban masu aikin dutse. Gajere ne, ban ga alamar zai iya ɗaga buhun gero ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya sa na cire zobe, agogo, bel mai kan ƙarfe, har biron da ke aljihun rigata. Sannan ya nuna mini tarin barguna ya ce in ninke. Wata uku ina ninke bargo da share ƙasa, ni da nake ɗaukar buhu biyu a kafaɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi niyyar komawa talla. Sai daga baya na gane kallon hannuna yake yi, yana so ya ga ko ni mai gaggawa ne.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai majanyu masu faɗi na zaren roba da ake zurawa ƙarƙashin kaya, akwai sarƙa da ƙugiya, akwai wani ƙarfe mai ƙafafu da muke kafawa a kan abu mu rataya sarƙar a jikinsa. Akwai soso, katako, safar hannu. Amma wanda ya fi su duka shi ne tocila 'yar ƙarama. Maigida Sal ya koya mini cewa ba a taɓa dutse sai an kwantar da hasken tocila a jikinsa daga gefe, daga yatsan ƙafa har tsakar ka, domin tsaga ba ta fitowa idan an haska ta kai tsaye. Bayan tocila sai ƙwanƙwasa da bayan yatsa, a saurara. Lafiyayyen dutse amsawa yake yi, mai ciwo kuma sai ka ji shi dum kamar kabewa. Abin da aka gani a rubuta a takarda, gaɓa gaɓa, a sa hannu.

Ya kuma koya mini abin da yawancin masu kallo ba su sani ba. Tsoffin mutum-mutumin nan na Rumawa kusan babu wanda aka tono shi cikakke. A fashe ake samun su, sai masu gyara na shekaru ɗari biyu ko uku da suka wuce su huda dutsen, su sa sandar ƙarfe a ciki, su haɗa kai da wuya, hannu da kafaɗa, su shafe wurin. Ƙarfen nan idan ya sha damshi sai ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi, ta tsaga dutsen daga ciki. Alamarta ja-ja ce a bakin haɗin, kamar tofin mai cin goro. Duk wanda ya ga wannan jan, ya ajiye sarƙa ya kira likitar kaya, wato mai duba lafiyarsu da gyara su.

Mun ga masu kaya iri-iri. Akwai wata tsohuwa da ta hana mu rufe akwati sai da ta yi sallama da kan wani sarkin Rum da ya shekara arba'in a falonta. Akwai wanda ya sayi zakin dutse bai auna ƙofarsa ba, sai ta tagar hawa na tara muka shigar da shi, 'yan sanda sun tare titi, shi kuwa yana tsaye da kofin shayi yana ce mana mu yi sauri. Duk wannan ban taɓa fasa ko farcen dutse ba. Shekara goma sha shida. A sana'armu sunanka shi ne jarinka, ba ka da shago, ba ka da takardar makaranta. Har ya kai idan gidajen tarihi suka bugo waya, cewa suke yi a turo musu Isufu. Wannan sunan shi ne abin da na tara a ƙasar nan, shi nake ci, shi nake ciyar da gida.

Sai dai akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun da na fara na tambayi malaminmu ko aikin ya halatta, ya ce kai ɗan dako ne, ba mai bauta ba, je ka nemi abincinka. Na karɓa, amma zuciyata ba ta taɓa sakewa da fuskar gunki ba. Zan duba ƙafa, gwiwa, ciki, ƙirji, da na iso kafaɗa sai in kawar da kai. Maigida Sal ya lura tun shekarar farko. Daga nan duk lokacin da muka tsaya gaban mutum-mutumi sai ya ce, "Kai ƙafafu, ni kai." Haka muka raba aikin shekara da shekaru, har na manta cewa rabi kawai nake yi.

Mummunar shekara ita ce wadda guguwa ta turo teku cikin birni, ƙarshen 2012. Da muka samu shiga sito bayan kwana biyu, na tsaya a ƙofa ina kallon ɓarnar. Akwatuna sun yi iyo sun kife, laka baƙa har gwiwa, warin mai da ruɓaɓɓen katako. Zanen da aka yi shekara ɗari huɗu ana lallaɓa shi, ga shi kwance cikin ruwan kwata. Maigida Sal ya yi sati uku yana aiki cikin wannan sanyi da damshi, ƙirjinsa ya kama, daga asibiti 'ya'yansa suka ce ya isa haka. Aka miƙa mini mabuɗan ɗakin dutse aka ce ni ne shugaba.

Cikin kayan da ruwa ya taɓa akwai wani mutum-mutumi na farin dutsen mabul, babban abin bautar Rumawan da, wanda suke kira Jufita. A zaune yake kan kujerar mulki, ya fi mutum girma, ƙirji a buɗe, mayafi a cinya, hannun dama ya guntule tun a gwiwar hannu, ga gemu cunkus. Na wasu magada ne, ana shirin kai shi wani gidan tarihi a wata jiha. Ruwa ya kai masa cinya, bai kai kansa ba. Muka fasa jiƙaƙƙen akwatinsa, muka gangara da shi ɗakin baya. Likitar kayanmu, Dakta Helen, mace ce mai kaifin ido da ƙarancin magana, ita ke duba lafiyar duk abin da ya shigo siton. Ta wanke masa gishirin teku, ta kunna fanka, ta ce a bar shi a buɗe ya sha iska, kada a ɗora masa komai. A gabana ta faɗa.

To, kusurwar da nake salla a sama an cika ta da zanen da aka ceto. Wurin da ya rage mai tsabta da shiru shi ne ɗakin bayan nan. Na shimfiɗa darduma, na duba alƙibla, wadda a garin nan arewa maso gabas take, sai ga ta daidai kan Jufita. In na yi ruku'u, gabansa zan yi. In na yi sujada, goshina kusa da ƙafarsa. Lokacin azahar yana wucewa, sai na miƙa hannu kan tarin bargunan da aka shanya bayan ambaliya, na ɗauki wani shuɗi, na zagaya ta baya na wurga masa a ka. A hannu bargon ya bushe. Irin bargunanmu kuwa masu cushe ne, waje ya bushe, ciki yana riƙe da ruwa, kuma na fi kowa sanin haka tunda ni na yi wata uku ina ninke su.

Kwanakin farko ina idarwa nake cirewa. Bayan sati guda na ce ai la'asar ma tana tafe, a bar shi. Daga nan ban ƙara cirewa ba. Mabuɗi yana hannuna, Dakta Helen tana can sama tana fama da ɗaruruwan zane, ba wanda ke leƙa ɗakin. Hunturu ya shigo, aka kunna na'urar ɗumama ɗaki. Wata biyar bargon yana zaune a wuyan dutsen nan.

Ranar ɗauka wata Alhamis ce da hantsi, sanyi ya fara sauƙi. Mu biyu ne a ɗakin, ni da Awudu, mutumin Zongon Kumasi wanda muka shekara tara tare, shi ne mai jan sarƙa. Kafin ya shigo na zare bargon ta baya na jefa cikin tari. Na ɗauki tocila na yi abin da na saba: yatsu, ƙafa, kujera, cinya, ciki, ƙirji. Na ƙwanƙwasa, dutse ya amsa. Da na iso kafaɗa idona ya sauka da kansa. Takarda tana da layin wuya da layin kai. Na rubuta lafiya a duka biyun, na sa hannu. Ban ji ina yin ƙarya ba, wallahi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan idan na tuna. Hannuna ya saba cike layukan nan da abin da Maigida Sal ya faɗa, sai ya cike su ba tare da shi ba.

Muka zura majanyu ƙarƙashin kujerar, muka sa soso inda za su goga, muka rataya a ƙugiya. Ƙa'ida ita ce a ɗaga kaurin yatsa ɗaya a tsaya, a saurara. Awudu ya ja, muka tsaya, shiru. Na ce ya ƙara. Ina tsaye a gaba, hannuna na dama a kan gwiwar dutsen don kada ya juya, idona a kan majanyu. Ya kai yatsa huɗu sai na ji ƙas, ƙarami, kamar an ɓare goro. Na ɗaga ido. Kan yana sunkuyowa wajena a hankali.

Doka ta farko a aikin dutse, wadda na koya wa mutane da bakina, ita ce idan dutse ya taho ka kauce, domin ana gyara dutse, ba a gyara ƙashin baya. Ban kauce ba. Ba jarumta ba ce, na san dai abin da na rubuta a takarda. Na tara hannu biyu. Kan ya faɗo ya daki gwiwar mai shi, da yatsuna a tsakani, sannan ya gangaro ƙirjina ya zaunar da ni a ƙasa daɓas. Nauyinsa ya kai na rabin buhun siminti ko fiye. Ban ji zafi ba a lokacin, ji na yi kamar an ɗauke wutar hannun.

Awudu ya ɗaure sarƙa, bakinsa a buɗe. Da ƙyar ya ce, "Yaya Isufu, kar ka motsa. Bari in kira Madam, yana sama." Mutanen Kumasi duk mace namiji ce a bakinsu, kullum ina tsokanarsa da haka, ran nan ban samu bakin yi ba. Ƙa'ida ce idan abu ya karye ba a motsa shi, ba a share ko ƙura, sai likita ta zo ta ɗauki hoto. Ashe Dakta Helen ta fita wani sito, sai da aka yi kusan rabin awa.

Rabin awan nan ina zaune a ƙasa, kan gunki a cinyata, fuskarsa tana sama tana kallona. Ba inda zan kai idona. Shekara goma sha shida ina gudun abin nan, ga shi tazarar taƙi ɗaya da hancina. Na duba, ban ga komai ba sai aiki. Kowane murɗin gemu an huda shi da ƙaramin abin huda, rami kusa da rami. Bayan kunnen hagu, inda ba mai gani, mai sassaƙar bai ma goge ba, ga sawun kurfinsa na sassaƙa a jere, har da wuri ɗaya da hannunsa ya zame. Wani ma'aikaci ne irina, ya gaji, ya ce nan ba wanda zai duba. Sai idona ya sauka ƙarƙashin gemun. Jan tsatsa ya zagaye wuyan kaf, ya zubo har cikin gashin, sandar ƙarfen ta kumbura ta zama kamar ɓawon itace. Ba a buƙatar tocila. Da na ɗaga ido sau ɗaya da safen nan, daga bakin ƙofa zan hango shi. Nan ne hankalina ya tashi, har Awudu ya durƙusa ya tallafe kan ta gefe.

Dakta Helen ta shigo, ta tsaya, ta dafe bakinta. Ta ɗauki hotuna, ta sa aka kawo soso, mu uku muka kwantar da kan. Sai a lokacin ta ga hannuna, ta ce a kira mota. Kafin motar ta iso ta durƙusa da ɗan hantsakinta tana duba gemun, na ga ta zaro wani zare shuɗi, ta ɗaga shi wajen fitila. Ta zaro na biyu. Awudu ya yi wuf ya ce ai ruwan ambaliya ne, kowa ya san abin da ya yi wa kaya, kuma ba don Yaya Isufu ba da kan ya zama gari. Yana magana yana taka mini ƙafa. Hanya ce ya buɗe mini, kuma da na bi ta da ta wuce, domin shekarar nan komai ya lalace ambaliya ake ɗora wa.

Na ce, "Dakta, bargo na rufa mishi. Wata biyar. Kuma wuyan ban duba ba, na dai rubuta."

Ta daɗe tana kallona kamar ba ta san ni ba. Ta ce, "Kai, Isufu? Don me?"

Na faɗa mata zancen salla da alƙibla. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta yi dariya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce ƙarfen ya daɗe yana ci, watakila da bargo da babu wata rana zai tsage, ba za ta iya rantsewa ba. Amma bargon ta gani, takardar ma ta gani, kuma dole ta rubuta abin da ta gani. Sannan ta ce da na gaya mata tun ranar farko, da ta sa an juya shi ya kalli bango, aikin minti goma ne.

Ba a kore ni ba, saboda kan bai fashe ba, an sake haɗa shi da sandar da ba ta tsatsa, yana can zaune a inda aka nufa da shi. Amma an karɓe mabuɗan. Da hannuna ya warke aka mayar da ni wajen kwalaye da ninke bargo, inda na fara. Labari a sana'armu ba ya kwana. Wayar da ake bugowa a ce a turo Isufu ta ɗauke kamar an yanke ta, kuma har yau ba ta dawo yadda take ba. Sai bayan shekara biyu aka sake barina kusa da dutse, a ƙarƙashin Awudu. Shi ne ya baza muku labarin cafewa, don yana ƙaunata, ya yanke wutsiyar ya bar kan.

Na je na sami malaminmu a Mount Hope da hannu a naɗe, na zayyana masa komai, ina sa ran ko zai ce ai don addini na yi. Ya saurara har na gama. Ya tambaye ni ko babu katako a siton. Na ce sito cike yake da katako. Ya ce, "To, Malam Isufu, ai suturar salla a gabanka ake kafa ta, ba a kan kayan mutane ba. Amana aka ba ka." Ya ci gaba da jan carbinsa. Na fito na tsaya a bakin titi, motoci suna wucewa, na rasa ta inda zan nufi gida.

Saboda haka duk wanda ke son aikin nan cikinku, ya ajiye dantse a gida, ya zo da ido. Zan ba shi tocila, in tsayar da shi gaban abin da ya fi ƙin kallo, kuma daga kai zai fara. Ni ma yanzu daga kai nake farawa, in haska fuska, in ɗaga hasken ƙarƙashin gemu, in zagaya bayan kunne, sannan in sauko.

Yatsu biyu ne suka murƙushe ran nan. Na tsakiya ya warke. Manuniyar dama ce ta ƙage a lanƙwashe, likitoci sun yi aiki sau biyu suka haƙura. Ba ta hana ni riƙe majanyi ko sarƙa. Sai dai idan na zauna tahiya na zo ɗaga ta, ba ta tashi, kuma salla biyar nake yi a rana.